Ƙafafun Saude

Ranar wata Asabar da hantsi Saude ta fara jin abin. Tana tsugune gaban duron da take turara shinkafa, tana tura ɓuntu a wuta, sai ta ji kamar kiyashi na yawo cikin ƙashin ƙwaurinta. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta koma ta tsuguna. Kafin ta ƙara ɓuntu hannu biyu, ƙafafun sun sake tashinta. Ta zaga duron, ta je bakin rijiya, ta dawo, ta shiga ɗaki ta fito ba ta ɗauko komai ba. Ran nan sai da ƙasan shinkafar ya kama, abin da bai taɓa faruwa a hannunta ba.

Shekara goma sha shida Saude tana gumi a Kura. 'Yan kasuwa su kawo mata shanshera buhu-buhu, ta jiƙa, ta turara, ta shanya a kan tamfol, sannan a kwashe a kai inji. Sana'a ce ta mai iya zama gaban wuta, kuma a layinsu an san ta da haka. Mace ce marar garaje, ko magana za ta yi sai ta tauna.

Kwana hamsin kafin wannan Asabar mahaifiyarta ta rasu a Bunkure. Da safiyar ranar Inna ta kira ta a waya ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi. Saude ta ce shinkafar mutane na kan wuta, tana saukewa za ta taho. Da adaidaita ta sauke ta a ƙofar gidan, tabarmi ta tarar an shimfiɗa a waje, maza na zaune. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Tana wanke-wanke, tana shanya, maganar wayar nan ce ke dawo mata, har takan tsinci bakinta yana maimaitawa a fili: ina saukewa zan taho, ina saukewa zan taho. Ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Mijinta Mustapha manomin tumatir ne, gonarsa na wajen Kadawa, kuma lokacin ana tsakiyar ɗiba. Mutum ne mai tausayi amma ba ya iya zama da damuwa, in abu ya taso so yake a yi maganinsa yau-yau. Da ya ji ta sau biyu tana magana ita kaɗai, sai ya biya wani kemis ya ce matarsa ba ta barci, tana kuma sambatu. Mai kemis ya ƙulla masa wasu ƙananan ƙwayoyi a leda, ɗaya da safe ɗaya da dare. Ta sha ta kuwa ɗan samu barci. Kwana huɗu da farawa ƙafafun suka tashi.

Mustapha ya koma ya ba da labari. Mai kemis ya ce ai ciwon ne ke yunƙurowa, a mayar biyu-biyu.

Daga nan zama ya gagari Saude. Abinci a tsaye take ci, tana ɗaga wannan ƙafa tana ajiye waccan kamar mai taka kwaɓin ƙasa. In ta kwanta sai ƙafafun su yi ta murza tabarma har sai ta tashi. Ta mayar wa masu shanshera kayansu ta kashe murhu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne salla. Tsayuwa da ruku'u ba laifi, amma da ta zauna tahiya sai ta ji kamar an kunna mata inji a cinya, ta yi ta sauri tana haɗiye kalmomi don ta sallame ta miƙe. In ta sallame sai ta yi ta istigfari tana zagaya tsakar gida.

Tsakar gidan ma ya yi mata kaɗan. Rana ta tara da azahar, cikin zafin bazarar nan da ko awaki sun nemi inuwa, ta zura hijabi ta fita. Ta bi bayan gari ta hau kan gaɓar babban kanal, ta miƙa. Dama da hagu gonaki ne shar, tumatir da albasa da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙara. Masu ɗibar tumatir suka ɗago suna kallonta. Wata mata mai wanki a bakin kwalbati ta ce, "Maman Hidaya, ina zuwa haka da rana tsaka?"

"Nan gaba kaɗan," in ji Saude, ba ta tsaya ba.

Ta ji sarai lokacin da matar ta rage murya ta ce da ta kusa da ita, "Allah sarki, ashe da gaske ne." Saude ta so ta juya ta ce musu hankalinta ɗaya, ta san yau Lahadi ce, ta san sunan kowacce da na mijinta. To amma wa zai yarda da mai hankalin da ba ta iya tsayuwa ta amsa gaisuwa?

A wata gada inda ruwan ke da zurfi ta dafa ƙarfen ta leƙa. Ruwan na tafe a hankali, kore-kore, da alamar sanyi. Wani tunani ya zo mata wanda bai taɓa zuwa ba tun da take: a cikin can ƙafafun za su yi shiru. Ta ce a'uzu billahi, amma ba ta saki ƙarfen ba, ƙafafunta na ta dukan siminti. A haka Mustapha ya same ta. Wani ne ya kira shi a waya daga cikin gona. Ya janye ta daga ƙarfen ya ɗora ta a babur.

Da suka isa gida ya shigar da ita ɗaki ya sa kwaɗo ta waje.

"Baban Hidaya, don Allah ka buɗe. Ba inda za ni."

"Ki yi haƙuri, Saude. Ni ma ba a son raina ba. In kika faɗa ruwan nan me zan ce wa yara?"

Ɗakin taku biyar ne daga gado zuwa ƙofa. Ta yi ta aunawa har la'asar sakaliya, tana dukan ƙyauren da tafin hannu, ba da ƙarfi ba, don kada maƙwabta su ƙara samun na faɗa.

Yayan Mustapha, Malam Hambali, shi ya zo ya sa aka cire kwaɗon. Yana da makarantar Islamiyya a unguwar, kuma mutane kan kawo masa marasa lafiya ya yi musu addu'a. Kwana uku yana zuwa bayan la'asar, ya zauna a kan buzu ya yi karatu, ita tana kai da komo a gabansa, sai ya ga leɓɓanta na bin ayoyin. A rana ta uku ya rufe littafin ya kira ƙaninsa gefe, amma Saude na ji.

"Mustapha, na ga masu iska, na ga masu ciwon hauka. Yarinyar nan ba ta gudun karatu, bi ma take yi. In na tambaye ta abu tana ba ni amsa daidai. Wannan ba fannina ba ne. Addu'a ba za mu fasa ba, amma ranar Alhamis ka kai ta asibiti. Akwai wata nas da ke zuwa daga Kano tana duba masu irin wannan lalura."

"Yaya, sai a ce na kai ta wajen mahaukata."

"An riga an ce. Kai ta."

Ranar Alhamis suka yanki kati aka nuna musu wani ɗaki a ƙarshen baranda. Mutum kusan goma na zaune a benci. Mustapha ya samar mata wuri, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama don ta ga ana kallonta, ta sake miƙewa. Ta kama zirga-zirga daga bencin zuwa famfo. Ba a jima ba labulen ɗakin ya ɗaga, wata mata ta fito, gajeruwa, mai farin kaya da tabarau, za ta yi shekara arba'in da ɗoriya. Ta tsaya tana kallon ƙafafun Saude na ɗan lokaci. Sannan ta ba waɗanda ke kan layi haƙuri, ta karɓi katin a hannun Mustapha, ta zo ta jera da Saude.

"Sannu, 'yar'uwa. Sunana Halimatu Sa'adiyya, ni ce nas ɗin da ke duba wannan ɓangaren. Ba sai kin zauna ba. Mu taka tare."

Suka sauka daga baranda suka bi ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya da ke jikin katanga. Mustapha na biye da su a baya.

"Me ke damun ki?"

"Ƙafafuna, Sista. Ba sa barina in zauna."

"Ciwo suke yi?"

"Ba ciwo ba ne. Da ciwo ne da na daure. Kamar wani abu ne a ciki yake cewa tashi, tashi. In na tashi ya ce tafi. In na tafi kuma ba inda na nufa."

"Kina jin muryar wani na yi miki magana, alhali ba kowa a wurin?"

"A'a."

"Kina jin kamar wani na bin ki da sharri, ko an yi miki wani abu?"

"Ni dai ban zargi kowa ba."

"An ce kina magana ke kaɗai."

"Maganata ce. Na san ni ke yi."

Sista ba ta matsa ba. Ta tambayi ranar da ƙafafun suka fara, ta tambayi ko Saude na shan wani magani. Da ta ji zancen kemis sai ta tsaya cak ta juya wajen Mustapha.

"Malam, ka zo da shi?"

Ya laluba aljihu ya miƙa mata ledar. Ta zazzage ƙwayoyin a tafinta, ta juya ɗaya, ta karanta rubutun da ke jikin wani guntun kwali da ke ciki.

"Ƙafafun ne suka riga maganin, ko maganin ne ya riga ƙafafun? Ku tuna da kyau."

Mustapha ya ƙirga da yatsu. "Maganin ne. Da kwana huɗu."

"Da aka ƙara yawansa fa?"

Ya cire hula ya share goshi.

Ta bar su nan ta shiga wajen likita da ledar. Da ta dawo ta sake jerawa da Saude, ta yi magana yadda su biyun za su ji.

"Wannan magani ne na gaske, muna ba masu babban ciwon ƙwaƙwalwa, kuma yana yi musu aiki. Amma ba na rashin barci ba ne, ba kuma a ba da shi haka kawai a leda. Wasu in sun sha yakan hana su zama wuri ɗaya, mu a wajen aiki akatisiya muke ce wa abin. Mai kallo sai ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, a ƙara magani, abin ya ƙara tsananta. Saude, ba haukacewa kika yi ba. Likita ya ce a daina wannan daga yau, ya rubuta miki wani na 'yan kwanaki da zai kwantar da ƙafafun. Ba yau za su daina ba, amma za su daina."

Saude ta so ta zauna, ga shi kuma ba dama. Ta dafa bishiya tana taka ƙasa, hawaye na zuba. Mustapha ya ce, "Wato da hannuna na..." Sista ta katse shi ta ce neman sauƙi ya je yi, kada ya ɗora wa kansa abin da bai sani ba. Ta roƙe shi ya je ya karɓo maganin. Da ya ba da baya ta rage murya.

"Zan tambaye ki wani abu, kada ki ji kunyata. Tun da abin nan ya fara, kin taɓa jin gara ki mutu ki huta?"

Ba wanda ya taɓa yi wa Saude irin wannan tambaya gatsau. Ta kalli ƙasa. "Sau ɗaya. A kan gada."

"Yanzu fa?"

"Yanzu da na ji abin zai wuce, a'a."

"To. Na gode da kika gaya min. Zan ce da maigidanki kada a bar ki ke kaɗai makon nan, kada kuma a kulle ki. In tafiya kike so, a raka ki. Ga lambata, in tunanin ya dawo ki kira ko wane lokaci ne. Alhamis mai zuwa ki dawo. Ƙafafun nan sun rufe wata maganar, ita nake so mu yi."

A hankali abin ya riƙa janyewa. Ranar Litinin ta ci tuwo a zaune har ta kusa cinyewa. Ranar Laraba ta yi tahiya cikakkiya. Mustapha ya yi murna, ya ce an gama, har yana tambaya ko a gaya wa masu shanshera su kawo. Amma da ƙafafun suka lafa sai kan ya samu fili. Maganar wayar ta dawo fiye da da. Ta kalli duron da ke kife a gefen katanga ta ji ba ta ko son taɓa shi. Yini take a ɗaki, ba ta son gaisuwa, ba ta son fita, zuciyar na ta kai da komo a kan abu ɗaya.

Alhamis ta biyu a cikin ɗakin suka zauna. Teburi ne da kujeru biyu da fanka mai ƙara. Sista ta rufe ƙofa ta ajiye biro.

"Kafin maganin nan, me ya hana ki barci?"

"Rasuwa aka yi mana. Mahaifiyata."

"Allah ya jiƙanta. Ya aka yi?"

"Kwana ne ya ƙare."

"Haka ne. Amma wannan an gaya miki sau ɗari a zaman makoki, bai sa kin yi barci ba. Me kike gaya wa kanki in ba kowa?"

Saude ta ji haushi ya taso mata. Ta murɗa bakin hijabinta. "Sista, so kike in yi saɓo? In ce ba ƙaddara ba ce?"

"Ba na so ki ce komai sai abin da ke ranki. Abin da ke cikin ɗakin nan a nan yake tsayawa."

Can Saude ta buɗe baki, maganar ta fito a guje kamar an cire toshiya: kiran, nauyin ƙirjin, shinkafar, yadda har ta tsaya ta baza ta a tamfol bayan ta sauke, don kada ta yi tsami. Ta ƙare da cewa, "Ni na kashe ta. Na zaɓi shinkafar mutane a kan uwata."

Ta jira a ce mata haba, a ce ta daina faɗin haka. Sista ba ta ce ba. Ta bar ta ta numfasa, sannan ta jawo takarda ta zana ƙananan da'irori uku.

"Ke mai murhu ce, za ki gane. Duwatsu uku ne. Wannan tunani, wannan abin da zuciya ke ji, wannan kuma abin da mutum ke yi. Tunanin ya ce ni na kashe ta. Zuciya ta ɗauki nauyin. Sai ki shige ɗaki ki bar aiki ki bar mutane. In kin shige ɗaki, wa ya rage miki abokin hira?"

"Tunanin."

"To kin gani. Kowanne na tallafe da ɗan'uwansa. Ba zan iya sa hannu in cire miki baƙin ciki ba, bai ma kamata ba, uwa ce. Amma sauran biyun za mu iya taɓa su. Bari in tambaye ki. Kafin ran nan, Inna ta taɓa kiran ki ta ce ba ta jin daɗi?"

"Sau da yawa. Tana da hawan jini."

"Kina zuwa?"

"Ina zuwa. Wani lokacin da yamma, wani lokacin washegari."

"Ki tarar da ita yaya?"

"Ta warware. Har ta yi min faɗan na baro aiki."

"Ran nan da kika ce ina saukewa zan taho, kin san ranar ta bambanta da sauran?"

"Ban sani ba. Amma da na tashi a take..."

"Da me zai faru?"

"Da na kai ta asibiti."

"Ƙarfe nawa ta kira? Ƙarfe nawa ta cika?"

Lokacin kiran Saude ta sani, yana nan a wayarta, tara saura kwata, ta duba shi ya fi a ƙirga. Amma lokacin da Inna ta cika ba ta taɓa tambaya ba. Tsoron amsar take.

"Wa ke wurin?"

"Goggo Zuliha, maƙwabciyarta. Tare suka tsufa."

"Ba zan ce miki amsar za ta yi daɗi ba, don ban sani ba. Amma wata biyu ke nan kina yanke wa kanki hukunci ba ki ji shaida ba. In kin ji za ki iya, ki je ki tambaye ta. Kafin nan ga ƙaramin aiki: gobe ki hura wuta, ko tukunya ɗaya ce ta shinkafar gida. Ba sai kin ji sha'awa ba. Ki yi kawai, ki zo ki gaya min yadda kika ji."

Tukunyar ta yi ta ranar Asabar, ba Juma'a ba. Zuwa Bunkure kuwa sai da ta ɗaga sau uku. Ta sa hijabi ta cire. Alhamis ta uku ta je ta ce ba ta je ba, tana jiran faɗa, Sista ta ce ba komai, suka yi maganar abin da take tsoron ji, ɗaya bayan ɗaya. A mako na huɗu, ranar Talata, bayan Mustapha ya dawo daga gona da wuri, ta ce ya kai ta.

Goggo Zuliha na zaune a zaure tana tsinke zogale. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Bayan gaisuwa Mustapha ya koma waje wajen babur, Saude ta matsa kusa.

"Goggo, tambaya na zo yi. Ran nan, yaushe Inna ta cika?"

Tsohuwar ta ajiye faranti. "Sai yau? Na ga kina ta kallona ranar sadakar bakwai, na ce yarinyar nan akwai magana a bakinta." Ta yi ɗan tunani. "Na shiga wajenta 'yan makaranta sun fito hutun tara. Na same ta a kwance tana gumi. Na aika a nemo mai adaidaita, kafin ya zo ta tafi. Goma ba ta yi ba, ko ta yi da kaɗan."

Saude ta lissafa a ranta. Da ta tashi tana ajiye waya, da ta samu abin hawa nan da nan, da ta iso wajen tara da rabi. Asibiti kam da wuya su kai. Amma da ta same ta da rai.

"Da na gan ta," ta ce a hankali.

"Da kin gan ta," in ji Goggo Zuliha. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da ba ki hana komai ba. Ni da ke katanga ɗaya da ita me na hana?"

"Ta ambace ni?"

Tsohuwar ta kalle ta, kamar tana auna ko ta ƙara gishiri, sai ta girgiza kai. "Ba ta ambaci kowa ba, 'yar nan. Ba ta san tafiya ce ba. Kaji take ta tambaya. Wai in duba ko an buɗe musu akurki, kada zafi ya kashe mata su. Ina riƙe da kanta tana ce min, Zuliha, kajin nan fa."

Wata dariya ta kufce wa Saude ba shiri, don ta ji muryar Inna sak a cikin maganar. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta juye kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwar, ba ta yi ba ranar arba'in. Ta kifa kai a cinyar tsohuwar. Goggo Zuliha ba ta ce ta yi shiru ba, ta ci gaba da tsinke zogalenta da hannu ɗaya, ɗayan na kan bayan Saude.

Da ta lafa tsohuwar ta ce, "To tun da kin zo, ki kwashe kayanki. Wata uku ina ciyar da su, 'yan'uwanki maza ba wanda ya waiwaye su. Bakwai ne, shaho ya ɗauki ɗaya, ɗaya kuma na yanka da na yi baƙi, ban ɓoye miki ba."

Aka kama kaji biyar aka sa a kwando aka rufe da tsohon buhu. Mustapha ya ɗaure shi a bayan babur, Saude ta zauna a tsakiya tana tallafe da shi ta baya da hannu ɗaya. A hanya ya tambaye ta ko ta samu abin da ta je nema. Ta ce ta samu wani, wani kuma babu shi. Ya ce ranar Alhamis za ta koma wajen Sista ke nan? Ta ce za ta koma, da sauran magana.

Sun isa gida ana kiran la'asar. Babu akurki a gidan, sai Mustapha ya jingina wani tsohon ƙyaure a lungun katanga ya tare gefe da bulo. Da aka buɗe kwandon huɗu suka shiga ba gardama. Ta biyar, wata jar tsohuwar kaza mai wuyan tsirara, ta yi fiffike ta haye katanga ta tsaya tana ƙyarƙyara. Mustapha ya ɗauko sanda yana lallaɓawa, ta matsa gaba. Ya zagaya ta waje, ta dawo ta ciki.

"Baban Hidaya, ƙyale ta," in ji Saude. "Ba ta san gidan ba ne. In ta ji yunwa za ta sauko."

Ta shiga ɗaki ta ɗebo tsaki a kwano, ta watsa a gindin katangar, ta je ta ɗauki buta.